A Gwada Iskar Ɗaki Kafin A Gwada Mutanen Ciki

Jawabin da Kwamitin Lafiya ya gabatar a babban taron ƙungiya

 Muna godiya ga duk wanda ya rufe rumfarsa ko ya ajiye motarsa domin halartar wannan zama.

Abin da aka ɗora mana mu yi bayani a kansa yau shi ne wata dabara da masana kiwon lafiya suka ɓullo da ita, watau binciken iskar ɗaki domin a gano ko akwai ƙwayar cuta ta bairos a ciki, maimakon a jera mutane ana tsikarin hancin kowa ɗaya bayan ɗaya. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu kuwa, domin mu mazauna Kurmi mutane ne na taro. Ɗaki ɗaya mutum takwas ko goma, makarantarmu cike, kasuwarmu cike, kullum kuma baƙi na sauka daga Arewa, wasu na tashi. Duk wata dabara da ta shafi lafiyar taron jama'a, gara mu ji ta tun da wuri, mu san amfaninta, mu kuma san iyakarta.

Tsadar gwaji

Bari mu fara da maganar kuɗi, tun da ita ce ta haifi dabarar. Cutar korona ta shigo Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, ta Ikko. A wannan shekarar, wanda ya je ɗakin gwaji mai zaman kansa a Ikko sai ya biya sama da Naira dubu 50 a kan gwaji ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi a lokacin Naira dubu 30 ne. Gwajin gwamnati kyauta ne ga wanda ya nuna alamar ciwo, amma kyautar nan ai daga aljihun hukuma ta fito, shi ya sa ba ta wadaci kowa ba. Har annobar ta lafa, yawan gwajin da aka yi a ƙasar nan bai kai na mutum biyar cikin ɗari ba.

Daɗin daɗawa, gwaji ba a yin sa sau ɗaya a huta. Wanda aka gwada ran Litinin aka ce lafiyarsa ƙalau, yana iya kamuwa ran Laraba. Saboda haka makaranta ko masana'anta da ke son ta san halin da take ciki, dole ta maimaita kowane mako. Abin takaici kuma, a lokacin da cuta ba ta yi yawa ba, kusan duk kuɗin nan ana kashe su ne a kan masu lafiya. Ka gwada mutum dubu, ka sami biyu ko uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu, 2023. Amma ƙyanda tana nan, mura mai tsanani tana nan, murar tsuntsaye tana nan, kuma babu likitan da zai rantse maka cewa wata sabuwa ba za ta ɓullo ba. Tambayar dai ba ta canza ba: yaya za a sa ido a kan taron jama'a ba tare da an karya tattalin arzikinsu ba?

Yadda cuta ke hawa iska

Duk lokacin da muka yi numfashi, ko magana, ko tari, wasu 'yan mitsi-mitsin ɗigon ruwa suna fita daga bakinmu da hancinmu. Manyan suna faɗuwa ƙasa nan kusa. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, sai su yi ta shawagi kamar hayaƙin turaren wuta. Kun san idan uwargida ta sa turare a ɗaki ta rufe ƙofa, ko an fitar da kaskon, ƙamshi na nan. To haka abin yake. Bairos ɗin ƙyanda yakan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ciwon ya fita. Babban mutum kuwa a zaune yana shaƙar wajen lita dubu goma ta iska a yini da dare, watau cikin jarka 400 mai lita 25.

Wannan sani ba na jiya ba ne. A shekarun 1950, a wani asibiti da ke birnin Baltimo ta Amurka, William Wells da Richard Riley sun ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta cikin bututu, suka kai ta wani ɗaki a saman ginin inda suka ajiye ɓerayen Masar kimanin 150. Dabbobin nan ba su taɓa ganin majinyatan ba, iskarsu kawai suka shaƙa, amma sai ga wasunsu sun kamu. Tarin fuka ba bairos ke kawo shi ba, wata ƙwaya ce daban, amma darasin ɗaya ne: iskar ɗaki tana ɗauke da labarin mutanen da ke ciki.

Da korona ta zo, sai aka sake ganin haka. A watan Maris na 2020, a Jihar Washintan, mawaƙa 61 sun taru a ɗaki ɗaya suna gwajin waƙa, ɗaya daga cikinsu ba shi da lafiya. Sama da hamsin suka kwanta, biyu suka rasu. A watan Yuli na wannan shekara masana 239 suka sa hannu a wata takarda suna kiran hukumomi su yarda cewa cutar tana bin iska. A Jami'ar Filorida kuma an kama bairos ɗin da ransa a iskar ɗakin asibiti, kusan mita biyar daga gadon majinyaci.

Gwajin taro: mataki uku

Dabarar rage kuɗin gwaji ta bi matakai, kuma ku 'yan kasuwa kun riga kun san tushenta. Mai sayen masara ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya-ƙwaya. Yakan soka ɗan ƙarfen nan mai rami, ya duba abin da ya fito. Idan ya ga ƙwaro, sa'an nan ne zai ce a kwance buhun.

Mataki na farko shi ne haɗa samfuri. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin lissafi mai suna Robert Dorfman ya ba da shawara game da gwajin tunjere ga samarin da ake ɗauka soja a Amurka. Ya ce a haɗa jinin mutane da yawa a gwada sau ɗaya. Idan babu komai, an sallami kowa da gwaji ɗaya. Idan akwai, sai a koma a bi su ɗaya-ɗaya. Alal misali, mutum dubu, goma daga ciki masu ciwo: a kasa su goma-goma, gwaji 100 ke nan. Ko da masu ciwon sun warwatsu a kashi goma daban-daban, ƙarin gwaji 100 ne. Jimla 200 maimakon 1,000. Maƙwabtanmu na Gana sun yi aiki da wannan dabara a 2020 a cibiyar bincike ta Noguchi da ke Ankara.

Mataki na biyu shi ne ruwan kwata, kuma a nan ƙasarmu tana da abin tinƙaho. Tun 2011 aka fara ɗibar ruwan magudanai a Kano ana neman ƙwayar shan-inna, daga baya aka faɗaɗa zuwa Sakkwato da Ikko da sauran jihohi, kuma ɗaya daga cikin ɗakunan binciken shan-inna na ƙasa yana Jami'ar Badun. Ba a tare yaro ko ɗaya ba, amma gora ɗaya ta ruwa tana ba da labarin unguwa guda. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na asali ran 25 ga Agusta, 2020. A watan ne kuma Jami'ar Arizona ta ga alamar korona a ruwan kwatar wani ɗakin kwanan ɗalibai. Aka gwada mutum 311 da ke ginin, aka sami biyu da ke ɗauke da cutar ba su sani ba, aka keɓe su kafin ta yaɗu.

Sai dai ruwan kwata yana buƙatar magudana tsararriya, kuma labarin da yake bayarwa na gini ne ko na unguwa. Ba zai gaya maka halin da aji na uku yake ciki ba. Wannan ya kawo mu mataki na uku, watau iska.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar 'yar ƙaramar akwati ce da ake ajiyewa a kan tebur ko kanta. Tana da fanka a ciki da ke zuƙo iskar ɗaki tana buga ta a kan wata 'yar matata, duk abin da ke shawagi sai ya manne. Wadda kamfanin Thermo Fisher ya fitar a 2021, mai suna AerosolSense, tana zuƙar lita 200 a minti ɗaya, kwatankwacin numfashin mutum 25 zuwa 30. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, sai a zare matatar a kai ɗakin bincike, a yi mata gwajin PCR, irin wanda ake yi wa abin da aka ɗebo daga hanci. Kun ga ke nan ɗaki guda ya zama kamar mutum ɗaya, gwaji ɗaya ya ishe shi.

Masana a Jami'ar Wiskonsin sun jarraba wannan daga tsakiyar 2021 zuwa farkon 2022, a wurare 15 da jama'a ke taruwa, da suka haɗa da makarantu da asibiti da wurin shan kofi. Sun ɗebi samfurin iska sama da 500, suka sami alamar korona a sama da 100. Bugu da ƙari, matatar ba korona kaɗai take kamawa ba, sun ga bairos ɗin mura da wasu masu sa tari da majina. Watau mai gadi ɗaya ne yana tsaron ƙofa da yawa.

A 2023 kuma masana a Jami'ar Washintan da ke birnin Sen Luwis suka ba da sanarwar wata na'ura da ba ta buƙatar a kai komai ɗakin bincike. Tana zuƙar lita dubu a minti ɗaya, tana juya iskar cikin ruwa kamar guguwa, sa'an nan wani ɗan ma'auni da aka haɗa da sinadarin garkuwar jikin lama, wata dabba 'yar'uwar raƙumi, ya nuna sakamako cikin minti biyar. A lokacin sanarwar tana matakin gwaji ne, kuma wajen sau takwas cikin goma take dacewa.

Masu sana'ar kaji, wannan ya shafe ku. Murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji ta Jihar Kaduna, kuma kun tuna asarar da aka tafka. A kasuwannin kaji masu rai na ƙasar Sin da Biyetnam, masu bincike sun kama wannan bairos a iskar kasuwa. Gwada iskar rumfa ya fi kama kaza dubu ana duba bakin kowace sauƙi.

Lissafin riba

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Wannan misali ne kawai muka ƙaga domin a gane. A ce makaranta tana da yara 600, aji 12, kowane aji yara 50. Idan za a gwada kowa duk mako, gwaji 600 ke nan, a mako goma 6,000. A farashin 2020 na Ikko, Naira miliyan 30 ke nan kowane mako. Wace makaranta ce za ta iya?

Idan kuwa iska ake gwadawa, gwaji 12 ne a mako, 120 a mako goma. A ce sau biyu cikin wannan lokaci aka ga alama a aji ɗaya, aka gwada yaransa 50, ƙarin 100 ke nan. Jimla 220 maimakon 6,000. Ba a kuma katse darasi ba, ba a sa yaro kuka ba, ba a aika wa iyaye takardar neman izini kowane mako ba.

To amma ku juya lissafin. Idan annoba ta game gari, aji goma cikin 12 suka nuna alama a mako ɗaya, sai an gwada yara 500, ga gwajin iska 12, ga kuɗin na'ura. Riba ta gudu. Saboda haka amfanin wannan dabara yana lokacin da ake zaune lafiya ne, ana jiran a ji motsin farko. Idan gobara ta riga ta kama kasuwa, mai shelar hayaƙi ba shi da sauran aiki.

Iyakar dabarar

Na farko, na'urar ba ta san sunan kowa ba. Abin da za ta ce shi ne, wani mai ɗauke da cuta ya yi numfashi a nan. Ko ɗalibi ne, ko malami, ko mai tallan gyaɗa da ta leƙo ta wuce, ba ta sani ba. Dole a biyo bayanta da gwajin mutum.

Na biyu, rashin gani ba shi ne babu ba. Idan mai ciwon yana can ƙarshen ɗaki, ko bai daɗe ba, ko iska na kaɗawa ta taga tana kwashe komai, matatar na iya fitowa fes. Kada wanda ke zazzaɓi da tari ya ƙi zuwa asibiti don an ce iskar wurin aikinsu ba ta nuna komai ba.

Na uku, gwajin PCR ragowar jikin bairos yake gani, ko da mataccen ne. Ganin alama ba ya nufin lallai wani zai kamu.

Na huɗu, yanayinmu. Na'urar tana son wuta ba yankewa, ku kuwa kun san halin wutar da har yau muke kira ta NEPA. Kuɗinta dubban daloli ne, matatarta daga waje ake kawowa, ƙurar hunturu da hayaƙin janareta suna iya cushe ta su dagula gwajin. Idan kuma ɗakin bincike ya yi mako guda kafin ya ba da sakamako, an yi aikin banza, domin cuta ba ta jiran takarda. An yi ta ne don rufaffen ɗaki, ba don filin kara ko tsakiyar tasha ba.

Na biyar shi ne wanda ya fi damunmu a matsayinmu na baƙi. Tun da na'urar ba ta kiran sunan mutum, sunan wuri take kira. A 2020 mun ga yadda aka riƙa tare manyan motoci a kan iyakokin jihohi, ana kallon duk wanda ya fito daga Arewa kamar shi ne cutar. Yau idan aka kafa na'ura a unguwarmu kaɗai, gobe labari ya fita cewa an sami cuta a iskar unguwar Hausawa, wa zai sayi naman mahaucinmu? Alhali da an kafa ta a unguwar maƙwabta, mai yiwuwa abin da za a gani ke nan. Cuta ba ta tambayar yare.

Shawarwarinmu

Saboda haka kwamiti yana ba da shawara kamar haka.

Idan ma'aikatar lafiya ko wata jami'a ta zo da irin wannan bincike, kada mu gudu, kada mu yi zargin makirci. Mu karɓe su ta hannun Sarki da shugabannin ƙungiya, mu yi musu tambayoyi huɗu: A ina da ina kuka kafa ban da nan? Wa zai fara ganin sakamako? Kwana nawa zai ɗauka? Idan an ga alama, wa zai biya gwajin mutane da maganinsu? A rubuta amsar a takarda.

Kada ƙungiya ta taɓa kuɗin asusu don sayen na'ura daga hannun ɗan talla. Duk wanda ya zo da akwati mai fitila ja da kore ya ce yana gano kowace cuta nan take, a tambaye shi takardar NAFDAC da sunan ɗakin binciken da ke tsaya masa. Na'ura ba tare da ɗakin bincike da likita a bayanta ba, kayan ado ce.

Mu riƙe darasin da ba ya cin ko kwabo. Tun da cuta na taruwa a rufaffiyar iska, a buɗe taga, musamman biyu masu kallon juna. Masu gidajen haya su daina toshe taga don ƙara ɗaki. A makaranta, idan ɗaki ya cika, a fita da wasu yara inuwa. Akwai kuma wani ɗan ma'auni mai sauƙin kuɗi da ke auna yawan iskar da muke fitarwa, wadda masana ke kira kabon-dayoksaid. A waje yakan nuna wajen 420. Idan a ɗaki ya haura 1,000, alama ce muna shaƙar numfashin juna da yawa. Ba ya ganin bairos, amma yana gaya maka lokacin buɗe ƙofa.

A kai yara allurar rigakafi. Babu na'urar da za ta yi wa yaro abin da allurar ƙyanda za ta yi masa. Wanda kuma tari ya wuce masa mako biyu, ya je asibitin gwamnati, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne.

Daga ƙarshe muna kira ga 'ya'yanmu da ke karatun kimiyya da aikin asibiti su sa ido a kan wannan fanni. Ranar da za a zauna a tsara inda za a kafa waɗannan na'urori a garin nan, muna so a ce akwai namu a kan teburin, wanda ya san yadda muke kwana da yadda muke tashi.

Iyaye da 'yan'uwa, abin da ya sawwaƙa ke nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ke da tambaya, fili a buɗe yake. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da kowa gidansa lami lafiya.